Hasken Aro

"A hankali da wannan fitilar, Gwana, ba irin ta gidanku ba ce," in ji Manaja daga ƙasan matakala.

Gwana ba ta ko waiwaye shi ba. Ta ƙara rungume fitilar mai dogon wuya, ta ci gaba da hawa tana laluben kowane taki da yatsun ƙafa. Tun da aka buɗe kamfanin da safe ake wannan jidar. Ana kwaso fitilun ɗakin baje kaya na ƙasa, inda ake rataye sababbin riguna don masu saye su gani su yaba, ana kai su ɗakin ɗinki na sama, inda ake ɗinka rigunan a cikin duhu. Manaja kuwa ya tsaya ƙerere, hannu a aljihu, sai ba da umarni yake yi. Ko guntuwar waya bai ɗauka ba, amma ya fi kowa share gumi.

Dalilin wannan hidima shi ne yau Mai Awo zai zo daga ofishin kula da lafiyar ma'aikata, ya auna hasken da matan ke ɗinki a ƙarƙashinsa. Ziyarar ba-zata ce, haka tsarinsu ya ce. Shi ya sa tun shekaranjiya wani daga ofishin ya bugo wa Manaja waya ya gaya masa ranar, don kada ba-zatar ta same shi ba shiri.

Abin da Manaja bai sani ba shi ne, Gwana ce ta kai ƙarar.

Tana kan keken ɗinki a ɗakin nan tun Manaja bai iya ɗaure wandonsa ba. Sunan Gwana ma ba a banza ta same shi ba, don a da tana cikin hira take zura zare a kafar allura ba tare da ta tsayar da maganar ba. Amma a 'yan watannin nan ɗinkinta ya soma karkacewa. Aka ba su aikin wandunan masu gadi, baƙin yadi da baƙin zare, sai ga dami guda an dawo da shi, wai layin ɗinkin yana tafiya kamar mashayi. Da aka duba, duk daga kekenta suka fito. Manaja ya ɗaga wando ɗaya a gaban kowa ya ce mata, "Ko dai idonki ya ƙare, ko kin gaji da aikin. Ko ma wanne ne, ƙofa ba a kulle take ba. Na ba ki zuwa ƙarshen wata." Ta ce masa ba idonta ba ne, duhu ne. Ta nuna masa dogayen ƙwayayen fitila biyu na rufi da aka ce su wadaci mata ashirin, ɗayan ma tun bara yake ƙifce-ƙifce. Ya ce ita kaɗai ke ganin duhun.

A gida akwai miji kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, akwai kuma jikoki biyu da 'yarta ta rasu ta bari. Babu mai shigowa da ko ƙwayar gishiri sai ita. Saboda haka ta ari wayar ƙaninta ta kira ofishin, ta ƙi faɗin sunanta. Lissafinta ɗaya ne: in na'ura ta ce duhu ne, bakin Manaja ya mutu, aikinta ya tsira. To ga shi yau ita da hannunta take ɗauko fitilar da za a rufe wa na'urar baki.

A sama ta tarar da Injiniya a kan tsani yana jan waya. Ƙanin matar Manaja ne, kuma wannan ita ce babbar takardar shaidarsa a harkar lantarki. Shi ya raɗa wa kansa sunan Injiniya, mutane suka bi shi a haka don ba su da lokacin musu.

"Wannan wat ɗari ce," yake gaya wa matan, alhali ba wadda ta tambaye shi. "Waccan ɗari biyu. In na haɗa su duka, wat ɗin da ke ɗakin nan ya isa ya haskaka filin ƙwallo."

"To ka bar mana su mana, mu ma mu ɗan buga ƙwallon," in ji Rediyo.

Rediyo ce mai keken da ke gefen na Gwana, kuma sunan ya dace da ita, don in ta kunna baki da safe sai an tashi aiki take kashewa. Ita kaɗai ta san maganar wayar da Gwana ta buga wa ofishin. Tun da suka ji za a yi aron fitilu suka ƙulla yadda za a yi: in Mai Awo ya gama awonsa, Rediyo za ta miƙe ta tona asiri. Ita mijinta direban babbar mota ne, ko an kore ta ba za ta kwana da yunwa ba, kuma dama can bakinta ba shi da linzami.

Manaja ya hawo yana haki kamar shi ya yi dakon. Ya sa aka kwashe duk wani baƙin yadi aka kulle a sito, aka fito da fararen zannuwan gado na wani otal aka raba wa kowace keke. Aka cire labulaye, aka wanke tagogin da ba su taɓa ganin ruwa ba tun da aka gina benen.

"Yau fari za a ɗinka," ya ce. "Kuma duk wadda aka tambaya, haka muke kullum. Wadda bakinta ke mata ƙaiƙayi ta bari sai ta koma gida ta sosa."

Ya faɗi haka yana kallon Rediyo. Ita kuwa ta sakar masa murmushi har kunne.

Da Injiniya ya kunna fitilun, ɗakin ya ɗauki shewa. Abubuwan da duhu ya daɗe yana rufa wa asiri duk suka fito fili: yanar gizo a kusurwa, tsatsa a ƙafafun kekuna, tabon ruwan sama a bango. Wata ta tsinci almakashinta da ta yi wata biyu tana zargin maƙwabciyarta da ɗaukewa. Rediyo ta leƙa fuskar ta gabanta ta ce, "Ke, ashe haka kike da muni muke ta zama lafiya?" Aka kwashe da dariya har da wadda aka zaga.

Gwana ta zauna a kekenta. An dasa mata fitila guda dab da kanta, hasken ya zubo a kan tebur. Duk da haushin da take ciki, sai ta ji wani ɗan ɗoki, don ta daɗe tana son ta ga hannunta yana aiki a cikin haske irin na da. Ta ɗauko zare, ta lasa bakinsa, ta sunkuya wajen allura.

Ba ta ga kafar allurar ba.

Ta murza ido, ta sake sunkuyawa. Allurar tana nan, tana ganin ƙyallinta, amma ƙyallin ya bazu ya zama wani farin hayaƙi, kamar madubin da aka hura wa numfashi. Ta ɗaga kai ta dubi fitilar, sai ta ga wani zobe na haske kewaye da ita, idonta ya kawo ruwa. Ta ce a ranta farin zanin gadon ne ke kashe mata ido. Akwai wani ƙyallen baƙin wando da ya maƙale a ƙarƙashin teburinta, ta jawo shi a ɓoye ta shimfiɗa a cinya, ta matso da shi cikin hasken. Ɗinkin jiya ne, nata ne, ta san akwai layin zare a jikinsa don yatsanta na jin sa. Idonta kuwa bai ga komai ba sai baƙi shafe. A duhun da ta saba ma ta fi ganinsa, don can babu wannan ƙyallin da ke sukar ta.

Ta tuna yadda mahaifiyarta ta soma rasa gani, tana cewa an rage wa fitilar gida ƙarfi, tana faɗa da kowa a kan haka, har ranar da ta zuba gishiri a shayin baƙo. Ashe Manaja, mutumin nan da ba ya bambance gaban riga da bayanta, shi ne ya faɗi gaskiya. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ta zura zaren da lalube, kamar yadda ta daɗe tana yi ba tare da ta yarda cewa lalube take yi ba. Tana taka keken tana tunani. In fitilun nan suka koma ƙasa da yamma, duhu zai dawo, ita ma hujjarta ta dawo. Kowa a ɗakin yana kuskure a duhun nan, nata dai ya fi yawa ne. Za ta iya lallaɓawa, ta roƙi a mayar da ita wajen fararen kaya, ta ja wata shida, ta ja shekara. Amma in fitilun suka zauna, ba sauran abin da za ta fake da shi.

Ta taɓa Rediyo da gwiwar hannu, suka fita wajen famfo kamar za su wanke hannu.

"Maganar nan, a bar ta," in ji Gwana a hankali.

"Wace maganar?"

"Wadda muka shirya. Kada ki ce komai. Ya auna ya tafi abinsa."

Rediyo ta kashe famfon, ta riƙe ƙugu, ta dube ta sama da ƙasa. "Yaya Gwana, ke ce kuwa? Ke da kika ari waya, kika hana ni barci da zancen nan? Wannan mai tumbin ne ya tsorata ki da zare ido?"

"Ba tsoro ba ne."

"To mene ne?"

Gaya wa Rediyo sirri daidai yake da sanar da ɗakin gaba ɗaya, ba don mugunta ba, sai don haka Allah ya yi ta. Maganar wayar ma ikon Allah ne ya sa ta riƙe, kuma da ƙyar. Sai Gwana ta ce, "Na dai sake tunani. Ina da marar lafiya a gida."

"Don marar lafiyar ai muke yi! Ke dai ki yi shiru ki zuba ido, ba ruwanki. Ni ce mai bakin, ni za a kora in korar ce." Ta yi tsaki, ta yarfe ruwan hannunta. "Wallahi kin ba ni kunya. Ashe duk cika bakin nan na banza ne."

Ta wuce ta bar ta nan tsaye.

Sai da rana ta take sannan Mai Awo ya iso. Wani siriri ne mai gilashi, da jaka a rataye, fuskarsa irin ta wanda aka tasa daga barci aka ce ya je ya raba faɗan da bai shafe shi ba. Manaja ya tare shi tun daga ƙofa da "ranka ya daɗe" kamar guda goma, ya ce a fara shan ruwan sanyi a ofis. Mai Awo ya ce ba ya jin ƙishirwa. Bai faɗi haka don tsantseni ba, sauri yake yi ya gama ya kama gabansa.

Da ya shigo ɗakin ɗinki bai gaida kowa ba. Ya zaro wata 'yar na'ura mai kamar wayar hannu, da wani farin ƙoƙo a maƙale da igiya. Injiniya ya matso yana gyara wuyan riga.

"Yallaɓai, ni ne mai kula da wuta a nan. Jimillar wat ɗin da muke da shi a ɗakin nan..."

"Wat ba haske ba ne," in ji Mai Awo, ko kallonsa bai yi ba. "Wat abin da ƙwan ke ci ne. In ka ce min ɗanka yana cin kwano uku, ba ka gaya min ko yana iya noma ba."

Wasu daga cikin matan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Injiniya ya yi ta maza ya ce, "Eh, ai na sani, lumen ake cewa. A jikin kwalin an rubuta."

"Lumen shi ne abin da ƙwan ya fitar gaba ɗaya, har da wanda ya tafi rufi da wanda ya tafi bango. Ni ba rufi na zo dubawa ba. Abin da ya sauko kan tebur, inda allura take, shi nake aunawa, sunansa laks. Matsa, inuwarka na ɓata min awo."

Injiniya ya matsa. Daga nan sai ya koma gyaran wata waya da ba abin da ya same ta.

Mai Awo ya bi tebur tebur yana ajiye farin ƙoƙon, yana duba lamba, yana wucewa. Ya bi ta gaban mata ashirin, bai dubi idon ko ɗaya ba, alhali don idanun aka aiko shi. Wadda idonta ya yi ja, da wadda ke ɗaure da ƙyalle a goshi saboda ciwon kai, duk a wurinsa ƙafafun tebur ne. Da ya zo kan Gwana ya ajiye ƙoƙon kusa da allurarta ya ce, "Ɗari tara. A ƙa'idar ofishinmu ɗinki na son ɗari bakwai da hamsin. Ya wuce ma."

Manaja ya washe baki. "Ai mu nan, ranka ya daɗe, lafiyar ma'aikaci ita ce gaba da komai."

Mai Awo ya ɗaga kai ya dubi fitilar da ke saman Gwana, ya dubi wayoyin da aka ja a ƙasa aka danne da ƙafar kujera. "Waɗannan masu ruwan ɗorawa ne. Kelbin ɗinsu ƙasa yake, wato launin haskensu ja-ja ne, irin wanda ake sa wa kaya a shago don su yi kyau a ido. Ba a cika sa su a wurin aiki ba." Kowa ya ga ya gane, shi ma ya san an ga ya gane. Sai ya ɗage kafaɗa ya soma naɗe igiyar na'urarsa. "Ni dai abin da na tarar nake aunawa."

Raini ya cika wa Gwana ciki, na mutumin nan da ya ga ƙarya ƙiri-ƙiri ya naɗe igiyarsa, amma yau lalacinsa shi ne gatanta. Ta roƙi Allah a ranta ya sa ya kai ƙofa.

"Yallaɓai mai na'ura!"

Rediyo ce ta miƙe, har kujerarta na faɗuwa.

"Ka auna na aro, saura namu. Waɗannan fitilun da safen nan muka ɗauko su daga ƙasa a kanmu, kuma kana fita za a mayar. Namu ga su can a rufi, guda biyu, ɗaya ma farfaɗiya gare shi. Kuma mu ba zanin gado muke ɗinkawa ba, baƙaƙen wanduna ne, suna sito a kulle. In ƙarya nake yi a buɗe a gani."

Kekuna duk suka tsaya. Manaja ya yi wata dariyar borin kunya. "Ranka ya daɗe, wannan ba ta da cikakken hankali, kowa ya sani. Don tausayi muke riƙe da ita."

Mai Awo ya yi ajiyar zuciya. A fuskarsa ba fushi da Manaja ba ne, haushin Rediyo ne da ta ƙara masa aiki. Amma an faɗa a gaban shaidu ashirin, ba yadda zai yi ya ce bai ji ba. Ya waiga yana neman wanda zai jingina wa maganar, idonsa ya sauka a kan furfurar da ta leƙo daga ɗankwalin Gwana.

"Mama, ke ce babba a nan. Haka hasken yake kullum, ko kuwa yadda ta faɗa ne?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma biyu kawai za ta ce, "Haka yake," Rediyo ta zama mahaukaciya, fitilu su koma ƙasa, ita kuma ta koma cikin duhunta ta ɓuya. Manaja ya kafe ta da ido yana ɗan gyaɗa kai, irin na mu rufa wa juna asiri. Ta juya ta dubi layin kekunan. Fuskokin ba su fito mata sosai ba, amma ta san kowacce. Ta san mai ƙyallen goshin nan ba ta kai talatin ba, kuma tun yanzu ta soma matso da yadi kusa da hanci. Ta san ba ita kaɗai ke komawa gida da ido kamar an zuba barkono ba. Sannan ta dubi Manaja, ta ji ko za ta mutu da yunwa ba za ta iya haɗa baki da wannan ba.

"Yadda ta faɗa ne," in ji Gwana. "Ni na ɗauko wannan da ke kaina."

Mai Awo ya ce a kashe na aron duka. Injiniya ya bi yana zare wayoyi jiki a sanyaye. Ɗakin ya koma yadda yake, har wata ta ce "Yawwa, mun dawo gida." Aka sake ajiye farin ƙoƙon a teburin Gwana.

"Ɗari da arba'in," in ji Mai Awo. "Wannan hasken matakala ne, na wanda zai wuce kada ya faɗi. A kan baƙin yadi kuwa ko ɗari tarar nan da ƙyar ta isa." Ya juya wajen Manaja. "Ko dai a gyara yau, ko in sa a rufe ɗakin har sai an gyara. Kuma zan dawo, wannan karon ba wanda zai bugo maka waya."

Nan take Manaja ya zama wani mutum. Ya ce ai dama niyyarsa ke nan, fitilun nan ya hawo da su ne don su zauna, gwaji ake yi, matan ne ba su fahimta ba. Ya daka wa Injiniya tsawa ya ce ya mayar da kowace waya, ya kafe su da ƙusa a bango, gobe kuma a sayo farare masu laks ɗin da yallaɓai yake so. Mai Awo ya ce ba a sayen laks a kasuwa. Manaja ya ce to ko ma mene ne a sayo. Ya raka shi har mota yana riƙe masa jaka.

Fitar su ke da wuya ɗakin ya kaure. Aka rungume Rediyo, aka rungume Gwana, wata har da 'yar rawa a tsakanin kekuna. Mai ƙyallen goshi ta durƙusa a gaban Gwana ta ce, "Anti, Allah ya saka miki, Allah ya ba Baba lafiya." Gwana ta ce amin. Bakinta na murmushi, idonta kuwa na kan fitilar da ke saman kekenta.

Ba a jima ba Manaja ya dawo, fuska a murtuke, da mabuɗin sito a hannu. Ya sa aka kwashe zannuwan gadon, aka fito da baƙaƙen wandunan. Rediyo ya wuce ta kamar bai gan ta ba, don ya san yanzu taɓa ta jawo wa kai magana ne. Da hannunsa ya ɗauko dami mafi girma, aikin farko da ya yi tun safe, ya dire a teburin Gwana.

"Gwanar gwanaye," ya ce, murya a sanyaye kamar mai lallashi. "Ke kika fi kowa kukan duhu, ko ba haka ba? To ga haske nan, har ɗari tara, da kunnenki kika ji. Kafin a tashi zan zo in duba ɗinkinki ɗaya bayan ɗaya, ni da kaina. Yau za mu san ko ƙwai ne ya mutu."

Ya juya ya fita. Rediyo ta bi bayansa da harara da dogon tsaki.

"Rabu da shi, borin kunya ne. Ki nuna masa ke ce Gwana. Kin ga da na biye miki da yanzu muna cikin kabarin nan. Ba ki gode min ba ma."

"Na gode, ƙanwata," in ji Gwana.

Kekuna suka ci gaba da ƙara, yau har da 'yar waƙa a bakin wasu. Gwana ta jawo wando na farko ta shimfiɗa a ƙarƙashin allura. Hasken ya daki farantin keken ya dawo mata cikin ido, baƙin yadin ya narke ya zama abu guda, ba gefe ba tsakiya. Ta bi bakin yadin da ɗan yatsa, ta taka kaɗan, ta tsaya. Ta saci kallon hagu da dama, ta ga kowa ya duƙufa a kan nasa. Sai ta miƙa hannu sama kamar mai gyara ɗankwali, ta ture wuyan fitilar a hankali har hasken ya koma bango. 'Yar inuwa ta sauko kan teburin, sukar da ke idonta ta ragu, ta soma hango alamar layin zaren dishi-dishi.

Ba ta yi taki goma ba ta ji an tsayar da keken gefenta.

"Kai, wannan Injiniyan banza, ko ɗaure fitila bai iya ba," in ji Rediyo. Ta taso, ta kama wuyan fitilar da hannu biyu, ta juyo da ita daidai kan allurar Gwana, ta murɗa ƙusar da ƙarfi yadda ba za ta ƙara motsi ba. Ta dafa kafaɗarta. "Ke kika sha wahalarsa, Yaya. Ko ɗigo kada ki bar wa bango."

Gwana ta ce to. Ta sunkuyar da kai, ta ɗora ƙafa a kan keken.